Yawon ƙafa da ɗan jagora a tsohon birnin Istanbul: kwana ɗaya zai isa?

Sani_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Istanbul. Mu tara ne za mu je sarin kaya, masaukinmu a unguwar Laleli, kuma kwana ɗaya tal muka ware don ganin tsohon birni. A cikinmu akwai dattawa biyu, ɗaya na fama da ciwon gwiwa, da mata uku. An turo mana tsarin yawon ƙafa na awa takwas da ɗan jagora: Masallacin Sultan Ahmad, Masallacin Ayasofiya, fadar Topkapi, ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa, Babbar Kasuwa da Masallacin Sulaimaniyya. Duk wannan zai shiga kwana ɗaya? Kuma ɗan jagoran dole ne, ko mu bi taswirar waya mu huta da kashe kuɗi?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Wace rana ce, kuma wane wata? Talata Topkapi a rufe take. Lahadi Babbar Kasuwa a rufe take. Juma'a kuma manyan masallatan ba sa karɓar 'yan kallo sai bayan an sauko.

Sani_Kwari:
Cikin Disamba ne. Ranar ba mu tsayar ba, Litinin ko Laraba ko Alhamis duk za su yiwu.

Malam_Taswira:
Malam Sani, Disamba ta sauya lissafin gaba ɗaya. Turkiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma ba sa juya agogo da hunturu, shi ya sa rana ba ta fitowa sai wajen 8:20, ta faɗi wajen 5:40. Azahar ana kiranta kaɗan bayan ƙarfe 1, La'asar wajen 3:25. Masallacin Sultan Ahmad ana rufe ƙofar 'yan kallo tun kafin kiran salla, ba a buɗewa sai an idar jama'a sun ragu. To ka ga tsakanin Azahar da La'asar ɗan lokaci ne ya rage, kuma duk rukunonin da suka makara da safe a wannan tazarar suke tururuwa.

Tsarin da aka turo muku an yi shi ne don mutanen da ke kauce wa lokacin salla. Ku kuwa salla za ku yi, don haka ku juya shi. Ku fara da Topkapi ƙarfe 9 da an buɗe. Ku fito wajen 12, ku yi alwala, ku yi Azahar a Ayasofiya. Bayan abinci ku shiga ma'ajiyar ruwa, sannan filin da ke gefen Sultan Ahmad, La'asar ta same ku a masallacin. Babbar Kasuwa ku cire ta daga wannan rana. Daga Laleli tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1, kowace yamma banda Lahadi kuna iya leƙawa, ba sai kun biya wani ya raka ku ba.

UmmuHanan:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma a ƙara da wannan. Shiga don salla daban, shiga don kallo daban. Idan kun shiga da masallata ba wurin zagaye da ɗaukar hoto ba ne, kuma ɗan jagora ba zai tsaya yana ɗaga murya ba. Bayanin ginin a harabar waje zai yi muku shi. Mata kuma ana kai su sashensu a baya ko gefe, daga can ba a ganin ƙubbar yadda maza ke ganinta. Su jira a idar, jama'a su fara fita, sannan su matso.

Injiniya_Tudunwada:
A kan Ayasofiya akwai abin da mutane ke ruɗewa. Tun 15 ga Janairun 2024 aka raba shiga biyu. Ƙasa na masallata ne, kyauta. Bene kuma na 'yan yawon buɗe ido ne, kuɗin da aka sa wa baƙi a lokacin Yuro 25, ƙofarsu kuma ba ta gaban filin ba ce, tana can gefen da ke kallon ƙofar fadar Topkapi, kusa da famfon Sultan Ahmad na Uku. Idan ba lokacin salla ba ne masu gadi kan mayar da baƙo zuwa layin tikiti.

Me ke sama da babu a ƙasa? Zanen ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya na zamanin Rumawa, da rubutun da wani Bature ɗan arewacin Turai ya karta a jikin marmara, da kallon ƙubbar daga kusa. Me ke ƙasa? Mihrabi, mumbari, da tsayawa ƙarƙashin ƙubba mai tsayin kusan mita 55 da faɗin kusan mita 31. Manyan allunan nan takwas masu zagaye, masu ɗauke da sunan Allah da na Manzo (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, kowanne faɗinsa mita bakwai da rabi, ana ganinsu ta ko'ina. Sai dai ku sani ana aikin gyaran ƙubbar tun 2025, akwai ƙarafan gini a ciki, kada ku sa rai da irin hotunan intanet.

Dattijo mai gwiwa kada ya hau bene. Hanyar hawan tudu ce mai lanƙwasa da aka shimfiɗe da duwatsu marasa daidaito, sun sha tafiya har sun yi santsi.

Dan_Damagaram:
Ni a ganina ɗan jagora asarar kuɗi ne a wannan yanki. Daga Sultan Ahmad zuwa Ayasofiya kana hango ɗaya daga ɗaya. Daga Ayasofiya zuwa ƙofar Topkapi minti biyar. Ma'ajiyar ruwa tsallaken titi ce. Wa zai ɓata? Bayani kuma a Ayasofiya akwai lambar da kake ɗauka da waya ka saurara, kawai ka je da abin sa wa a kunne.

Hajiya_Atamfa:
Ɗan uwa na Damagaram, mutum ɗaya ko biyu kake wa lissafi. Mutum tara da dattawa ba ɓata ce matsalarsu ba, tarwatsewa ce. Wannan ya tafi bayi, wancan ya tsaya ciniki, biyu na layin tikiti ba su san wane za su saya ba. Aikin jagora na ƙwarai shi ne ya sayi tikiti tun da wuri, ya san ƙofar da layinta ke tafiya, ya san inda bayi mai tsabta yake, ya ce minti ashirin a nan kuma ya tsaya a kan maganarsa. Tarihin ƙari ne.

Malam_Taswira:
Hajiya, a Topkapi tarihin ba ƙari ba ne. Masallaci ko ba a gaya maka komai ba idonka zai ƙoshi. Fada kuwa in babu mai bayani ɗakuna ne kawai da farfajiya. Farfajiyoyi huɗu ne a jere, kowace ta fi ta bayanta tsanani wajen wanda aka yarda ya shiga. Ta farko kowa na shiga a da. Ta biyu nan majalisar waziran take, da tagar ƙarfe a sama inda sarki kan zauna ya saurara ba a ganinsa, ga kuma ɗakunan girki masu jerin bututun hayaƙi. Ta uku gidan sarki ne, nan taskar take da lu'ulu'un nan mai karat 86, nan kuma ɗakin amanoni yake, wato inda aka ajiye kayan tarihin Musulunci masu alfarma. Sultan Muhammad Fatih ya fara ginin bayan ya ci birnin a 1453, sarakuna suka zauna a ciki wajen shekara ɗari huɗu kafin su koma fadar Dolmabahce a 1856, aka mai da ita gidan tarihi a 1924. Wanda ya tsaya a farfajiya ta biyu ya san cewa daga wannan fada ne Sultan Murad na Uku ya yi musayar wasiƙu da Mai Idris Alooma na Borno a shekarun 1570, kallonsa ba zai zama ɗaya da na mai ɗaukar hoton bishiya ba.

Ɗalibin_Fatih:
Tunda an zo ɗakin amanoni. Nan ne layi ya fi tsawo a duk fadar, shi ya sa ake cewa a fara da Topkapi. Da kun wuce ƙofa ta biyu kada ku tsaya ɗakin girki, ku miƙe kai tsaye farfajiya ta uku, ku gama da amanoni da taska, sannan ku dawo baya a hankali. Yawancin rukunoni akasin haka suke yi, sai su isa can wajen 11 su tarar da layi ya zagaye. Kayan da ke ciki, irin su takubba da makullan Ka'aba da akwatin da aka ajiye mayafin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), asalin tarinsu Sultan Salim na Ɗaya ne ya kawo bayan ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a ciki ba yankewa. An hana hoto, kuma masu gadi ba sa barin a tsaya, tafiya ake a jere. Ku gaya wa dattawa tun a waje don kada ransu ya ɓaci.

AbuMaryam:
Waɗannan kayan wa ya tabbatar da ingancinsu? Kada a je ana shafar gilashi ana neman tabarruki.

Ɗalibin_Fatih:
Malam, ai shi ya sa na ce "ake jinginawa". Taɓa gilashin ma ba a bari.

Bakatsine77:
Don Allah kada mu buɗe wannan babin a nan, Malam Sani tsarin tafiya ya tambaya.

Gimbiyar_Zazzau:
Wai tsaya, Istanbul ɗin Turai ce ko Asiya? Na ga ana ta sa ta cikin biranen Turai.

Injiniya_Tudunwada:
Duka biyun, 'yar uwa. Mashigin ruwan Bosforus ya raba ta. Amma duk wuraren da ake magana a nan, har da Laleli, a ɓangaren Turai suke.

Alhaji_Fagge:
Bari in yi magana a kan lasisi, don nan ake cutar mutanenmu. A Turkiyya jagorancin 'yan yawon buɗe ido sana'a ce mai doka tun 2012. Mai lasisi yana rataye da kati a wuya, da hotonsa da harsunan da aka yarje masa ya yi aiki da su. Wanda ya tare ku a fili yana cewa "brother, guide?" ku ce ya nuna katin. Mara kati ba zai iya shigar da ku ta hanyar jagorori ba, kuma in jami'ai suka kama shi tara ce, ku kuma a bar ku tsaye.

Kafin ku biya kamfani, abubuwan da za a rubuta muku a saƙo, ba a baki ba: kuɗin ya haɗa da tikitoci ko na jagora ne kawai, tikitin Topkapi ya haɗa da sashen iyalin sarki, wato Harem, ko a'a, ku kaɗai ne ko za a haɗa ku da wasu, mutum nawa ne iyakar rukunin, kuma babu tsayawa a shagon darduma ko na fata. Wannan na ƙarshen ku nanata. Yawon da ya yi arha fiye da kima da la'adar shago ake cike giɓinsa. Za a ce ku zo ku ga yadda ake saƙa, a kawo shayin tuffa, minti arba'in ya tafi, La'asar ta wuce ku a kan kujera.

Sai kuma "ba bin layi" da suke rubutawa a talla. Layin sayen tikiti ne kawai ake tsallakewa. Layin binciken jami'an tsaro kowa sai ya bi, kuma a Ayasofiya shi ne mai tsawon.

Dan_Damagaram:
To ai akwai na kyauta, waɗanda ke taruwa a fili da laima. Me ya sa ba za su bi waɗannan ba?

Alhaji_Fagge:
Sunan ne kyauta. Tukuici ake bayarwa a ƙarshe, kowane kai da nasa, in ka ninka sau tara ka kusa kuɗin jagoran kanku. Sannan irin wannan yawon awa biyu zuwa uku ne, galibi daga waje ake nuna gine-ginen, ba a shiga inda ake biya. Rukunin na iya kai mutum ashirin ko fiye, kuma ba za a jira mai gwiwa ba. Ga matashi shi kaɗai a ranarsa ta farko yana da amfani, ban musa ba.

Hajiya_Atamfa:
Harshe fa? A cikin taran nan nawa ke jin Turanci sosai? Jagora mai Turanci da Larabci da Faransanci duk akwai, mai Hausa da lasisi ne abin nema.

Sani_Kwari:
Huɗu na jin Turanci, ɗaya daga cikin dattawan Larabci yake ji. Akwai ɗalibi ɗan gida da ya ce zai raka mu.

Ɗalibin_Fatih:
Ya raka ku a matsayin ɗan rukuni mai fassara, kada ya tsaya gaba yana jagoranci. Kuma ku sa a lissafi cewa fassara na ninka lokaci: bayanin minti biyar ya zama goma. Da wannan kaɗai wurare shida sun fi ƙarfin yini ɗaya. Ku roƙi jagoran ya taƙaita, jimla uku ya tsaya a fassara. Na'urar kunne da suke rabawa ba ta da amfani in ana fassara, muryoyi biyu ne za su cakuɗe.

Malam_Taswira:
Filin da ke gefen Sultan Ahmad mutane na ratsa shi kamar hanya, alhali shi ne filin sukuwar keken doki na Rumawa, kuma kyauta ne. Abubuwa uku ke tsaye a layi ɗaya a tsakiyarsa, ga biyu daga ciki. Doguwar hasumiyar dutse mai rubutun Fir'aunoni daga Karnak ta Masar aka ɗauko ta, aka kafa a nan a shekara ta 390. Ginshiƙin tagulla mai kama da macizai uku a murɗe daga Delfi ta ƙasar Girka ya zo, an ƙera shi bayan yaƙin da Girkawa suka ci Farisa a 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kawunan sun karye tuntuni. Ku leƙa ramin da suke ciki: gindinsu na ƙasa da inda kuke tsaye da fiye da tsayin mutum, wannan shi ne asalin daɓen filin, ƙasa ce ta taru a kai tsawon ƙarnoni. Minti ashirin ya isa, akwai kujerun zama.

Masallacin Sultan Ahmad kansa an fara shi a 1609 aka gama wajen 1617, hasumiya shida, tayil ɗin Iznik sama da dubu ashirin a bango. Mafi kyawunsu suna sama a bene, daga ƙasa sai an ɗaga kai sosai.

UmmuHanan:
Ma'ajiyar ruwa: matakala 52 ake sauka. A ciki ginshiƙai 336 ne, layi 12 kowanne 28, tsayinsu mita tara, an gina ta zamanin sarki Jastiniyan, wanda ya gina Ayasofiya tsakanin 532 da 537. Ana tafiya a kan gadar ƙarfe bisa ruwa, haske kaɗan ne, rufin na ɗiga. Kawunan dutse biyu da kowa ke zuwa gani suna can ƙurya, ɗaya a kife ɗaya a kwance, nan ake cunkoso. Rabin awa ya wadatar. Katin gidajen tarihi da ake sayarwa ba ya aiki a nan, ba ya aiki a Ayasofiya kuma, kada wani ya sayar muku da shi a kan ya haɗa komai. Da daddare kuɗin shiga ya fi na rana.

Injiniya_Tudunwada:
Takalmi. Wanda ake zarewa ba ɗaure igiya, mai ƙasan roba. Marmarar harabar masallatai in ruwan sama ya taɓa ta santsi take sosai, Disamba kuma watan ruwa ne da iska mai sanyi daga teku. Safa mai kauri, da guda ta canji a aljihu. Ana ba da ledar zuba takalmi a ƙofa, ka riƙe abinka ka shiga da shi, don ƙofar fita ba lallai ta zama wadda ka shigo ba. Famfunan alwala a waje suke, ruwan kamar ƙanƙara, dattawa su yi alwala tun a masauki ko a gidan abinci. Wuƙar aljihu da sandar kafa kyamara a bar su a ɗaki, na'urar bincike za ta tsayar da ku.

Bakatsine77:
Kowa ya saki Sulaimaniyya, alhali in za a zaɓi masallaci ɗaya ni shi zan zaɓa. Aikin babban magini Sinan ne, 1550 zuwa 1557, ba cunkoso irin na Sultan Ahmad, daga bayansa kana kallon ruwa da gadar Galata, kabarin Sultan Sulaiman na nan a harabar. Matsalarsa tudu. Kada a hau shi daga unguwar Eminonu ta bakin ruwa, hawan ba na mai gwiwa ba ne. Daga tashar Laleli ko Beyazit a bi ta gefen jami'a, hanyar ta fi sauƙi, minti goma sha biyar a hankali. Tunda kusa da masaukinku yake, ku yi Juma'a a can kawai, ku je da wuri.

Gimbiyar_Zazzau:
Kabarin Abu Ayyub al-Ansari fa, yana cikin wannan zagayen?

Alhaji_Fagge:
A'a ranki ya daɗe, yana wajen ganuwar birni, ba tafiyar ƙafa ba ce. Daga Eminonu ake hawa jirgin T5 a sauka Eyupsultan. Rabin yini ne na kansa. Wanda ke kusa kuma ba a cika kai mutane ba shi ne Masallacin Sokollu Mehmed Pasha, gangare kaɗan daga ƙarshen filin sukuwa, shi ma aikin Sinan, inda aka liƙa ƙananan gutsattsari huɗu da ake cewa na Hajarul Aswad ne. Gangaren na da tsanani, dawowar ce aiki.

Hajiya_Atamfa:
Ku yi hattara da mutum mai fara'a da zai ce muku masallaci a rufe yake, ku zo shagonsa ku jira. Ku je ƙofa ku duba allon lokuta da kanku. Haka mai gyaran takalmi da zai yar da burushinsa a gabanku, in kun ɗauka masa sai ya ce zai goge muku don godiya, ƙarshe ya nemi kuɗi mai yawa. Gidan abinci kuma wanda babu farashi a takardarsa ku tashi. Jirgin T1 tsakanin Laleli da Sultanahmet tasha uku ne, cike yake safe da yamma, waya da fasfo a aljihun ciki. Ku sayi katin biyan kuɗin jirgi, Istanbulkart, a injin tasha ku zuba kuɗi tun daren jiya, kada ku tsaya koyon injin da safe mutum tara.

Dan_Damagaram:
Duk bayanin nan da kuka zuba ai ya tabbatar da maganata. Wanda ya karanta wannan zaren me zai yi da jagora kuma?

Malam_Taswira:
Ko a raba. Jagora na rabin yini don Topkapi kaɗai, 9 zuwa Azahar, ya yi muku bayanin Ayasofiya a harabar kafin ku shiga salla, ku sallame shi. Sauran ku yi da kanku.

Alhaji_Fagge:
Malam, da yawansu kuɗin yini suke caji ko awa uku suka yi, ragin ba ya kai rabi. A tambaya tukuna kafin a gina tsari a kai.

Sani_Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa kamfanin tambayoyin Alhaji. Sun ce tikiti ba ya ciki, kuma tsayawa a "cibiyar sana'ar hannu" na cikin tsarinsu, ba sa cirewa. Harem ɗin ya cancanci ƙarin lokacin, ko mu bar shi?

UmmuHanan:
Cibiyar sana'ar hannun nan ita ce shagon dardumar, ku nemi wani kamfanin. Harem kuma ƙarin minti arba'in zuwa awa ɗaya ne, hanya ɗaya ce mai shiga ta farfajiya ta biyu ta fitar da kai ta uku, ba wurin zama sosai, ƙasan duwatsu ne. Tayil ɗin da ke ciki ya fi na ko'ina a fadar. Masu ƙarfi su shiga, dattawa su jira su a farfajiya ta huɗu inda ake kallon teku, amma in ana iska can ma ba ya zaunuwa.

Ɗalibin_Fatih:
In za a shiga Harem to Azahar a Ayasofiya sai an yi sauri, don sahun ciki na cika kafin a kira. Ku fita daga fadar 12:15, ko an gama ko ba a gama ba.